Gajeren Adireshi Mai Gajeren Kwana

A watan Janairun 2002 wani matashi Ba'amurke mai suna Kevin Gilbertson ya buɗe wani ɗan shafi a intanet, ya sa masa suna TinyURL. Ba wani babban buri ne ya kai shi ba. Shi mai sha'awar hawan keke mai ƙafa ɗaya ne, yana so ya riƙa tura wa abokan wasansa adiresoshin shafuka ba tare da sun kakkarye a hanya ba. Duk wanda ya yi mu'amala da imel a wancan zamani zai tuna wannan ciwon kai. Adireshi ya yi tsawo, ya cika layi ya gangara na biyu, wanda aka aika wa ya latsa, rabin farko kaɗai ya tafi, shafi ya ƙi buɗuwa. Sai mutum ya kwafo guntu-guntu ya haɗa da hannunsa. Gilbertson ya kawo mafita mai sauƙi: ka ba shi dogon adireshi, ya ba ka gajere mai 'yan haruffa, duk wanda ya latsa shi ya tsinci kansa a inda dogon yake kaiwa.

Yadda abin yake aiki ba shi da wani sarƙaƙiya, kuma a nan ne duk abin da ya faru daga baya yake ɓoye. Mai gajarta adireshi yana ajiye wata rajista ce a kwamfutarsa, mai layi biyu. A gefe ɗaya 'yan haruffan da ya ba ka, a ɗaya gefen dogon adireshin da ka ba shi. Idan wani ya latsa gajeren, wayarsa ba wurin shafin take zuwa kai tsaye ba. Wurin mai rajistar take fara zuwa, ya duba layin, ya ce mata ga inda za ki, sannan ta wuce. Duk wannan cikin ƙiftawar ido, shi ya sa ba mu taɓa lura da cewa akwai wani a tsakani ba. Haruffan nan shida ko bakwai ba sa ɗauke da komai a cikinsu. Ba taƙaitawar dogon adireshin ba ce da wani gwani zai iya warwarewa. Lamba ce kurum, ma'anarta tana cikin rajistar mutum ɗaya ko kamfani ɗaya.

Da abin ya tsaya a kan masu imel da masu keke, da ba a yi wannan rubutu ba. Twitter ce ta mayar da shi ruwan dare. Da aka buɗe ta a 2006, an gina ta ne a kan saƙon tes na waya, wanda ba ya wuce haruffa 160. Aka ware 20 domin sunan mai aikawa, aka bar wa mutane 140. To, adireshin labari ɗaya na jarida yana iya cinye 100 a ciki. Babu yadda mutum zai faɗi ra'ayinsa kuma ya nuna inda ya samo labarin sai ya gajarta. Twitter ta fara da TinyURL, a 2009 ta koma bit.ly, wanda wani kamfani na birnin New York ya buɗe shekara guda kafin nan. Daga nan kasuwa ta buɗe: is.gd, tr.im, ow.ly, da ɗaruruwan irinsu, kowa yana gasar wanda sunansa ya fi gajarta. Sai kuma aka gano wani amfanin da ya fi na farko jan hankalin 'yan kasuwa. Tunda kowane mai latsawa sai ya bi ta hannun mai rajista, shi mai rajistar yana iya ƙirga mutum nawa suka latsa, daga wace ƙasa, a wane lokaci, da wace irin waya. Masu talla da gidajen jaridu suka rungumi abin hannu bibbiyu.

Ba za a ce ba a yi gargaɗi ba. A watan Afrilun 2009 Joshua Schachter, wanda ya ƙirƙiro shafin ajiye adiresoshi na Delicious, ya yi wani rubutu da ya zagaya sosai, inda ya nuna cewa an cusa wani mai shiga tsakani a inda a da babu shi, kuma ranar da wannan mai shiga tsakanin ya faɗi, duk abin da ya rataya a wuyansa ya faɗi tare da shi. Wata huɗu kacal bayan haka, a Agustan 2009, masu tr.im suka sanar da cewa za su rufe. Dalilinsu shi ne sun rasa hanyar da abin zai kawo kuɗi, ga shi Twitter ta fifita bit.ly. Suka ce adiresoshin da aka riga aka yi za su yi aiki zuwa ƙarshen shekarar. Aka yi ca a kansu, cikin 'yan kwanaki suka janye maganar. Amma mutane sun riga sun ga ramin da suke tsaye a bakinsa. A watan Nuwamban shekarar aka kafa wani shiri mai suna 301Works a ƙarƙashin Internet Archive, wato ma'adanar intanet da Brewster Kahle ya kafa a San Francisco a 1996. Tsarin shi ne kamfanonin gajarta adireshi su riƙa kai kwafin rajistarsu ajiya, a kulle, ba za a buɗe ba sai ranar da kamfanin ya mutu. Dabara ce mai kyau. Rauninta ɗaya ne: ganin dama ce, ba wanda aka tilasta wa.

Akwai wani ɓangaren labarin da ya fi kusa da mu ta fuskar taswira. Haruffan nan biyu na ƙarshen bit.ly da ow.ly, wato ly, mallakar ƙasar Libiya ne, kamar yadda ng yake na Najeriya, ne kuma na Nijar. Turawa sun yi sha'awarsu ne saboda sun dace da ƙarshen kalmomi da yawa a harshensu. Hukumar da ke rajistar waɗannan sunaye kuwa a Turabulus take, dokar Libiya take bi. A 2010 hukumar ta soke wani mai gajarta adireshi da ake kira vb.ly, na wata marubuciya Ba'amurkiya Violet Blue da abokin aikinta Ben Metcalfe, bisa hujjar cewa abin da ke shafin ya saɓa wa dokokin ƙasar na tarbiyya da addini. Mutum yana iya ganin hukumar tana da gaskiya a kan abin da ya shafi sunan ƙasarta. Abin lura shi ne sokewar ba ta tsaya a kan shafin ba, ta haɗa da duk wani adireshi da kowa ya taɓa gajartawa a wurin, ko da labarin wasan ƙwallo yake kaiwa. Da yaƙi ya ɓarke a Libiya a 2011 har gwamnatin Gaddafi ta katse intanet, hankalin mutane da yawa ya tashi a kan makomar bit.ly. Ya tsira, domin wasu daga cikin kwamfutocin da ke riƙe da sunayen ly a wajen ƙasar suke. Haka sauran ma: im na tsibirin Man ne, gd na Giranada, co da gl na t.co da goo.gl da za mu zo kansu kuwa na Kolombiya da Girinlan ne. An gina ƙwaƙwalwar duniya a kan filayen haya a ƙasashen da yawancin masu latsawa ba su san suna da hannu a ciki ba.

Cikin wannan yanayi na ɗar-ɗar ne Google ta shigo. Ta buɗe goo.gl a Disamban 2009, ta sakar wa kowa da kowa a Satumban 2010, kuma abin da ta tallata shi da shi shi ne ɗorewa da tsaro da sauri. Maganar ta shiga kunnen mutane, kuma da dalili. Ƙananan kamfanoni ne ke mutuwa, wa zai ce Google za ta rasa kuɗin riƙe 'yar rajista mai layi biyu? Masu hankali ma, waɗanda suka karanta gargaɗin Schachter suka gamsu da shi, sun ga cewa idan dai dole sai an gajarta, to gara a kai wa babba. Malaman jami'a suka sa goo.gl a manazartar maƙalunsu. Marubuta suka buga shi a ƙasan shafukan littattafai, domin ba wanda zai zauna ya kwafi adireshi mai haruffa 120 daga takarda. Aka buga shi a fosta da katin gayyatar taro da takardar bayanin yadda ake amfani da na'ura. Mai gabatar da shiri a rediyo yana iya karanta shi a numfashi ɗaya.

A watan Maris na 2018 Google ta ce ta daina. Daga Afrilun shekarar baƙi ba za su iya ƙirƙirar sabon adireshi ba, tsofaffin masu amfani kuma an ba su zuwa 30 ga Maris 2019. Sai dai ta kwantar wa kowa da hankali da cewa duk adiresoshin da aka riga aka yi za su ci gaba da kai mutane inda aka nufa. Ta shawarci jama'a su koma wani sabon tsarinta mai suna Firebase Dynamic Links, ko su tafi bit.ly ko ow.ly. Shekara shida ana kan haka. A watan Yulin 2024 sai ga sabuwar sanarwa: daga 25 ga Agustan 2025 adiresoshin goo.gl za su daina aiki, duk wanda ya latsa zai ci karo da lambar nan 404, wadda ke nufin ba a sami abin da ake nema ba. Kafin ranar, an fara tare masu latsawa da wani shafin gargaɗi cewa wannan adireshi ya kusa daina aiki. Shi kansa Firebase Dynamic Links da aka ce a koma, an sa masa ranar rufewa, kuma ranar ita ce dai 25 ga Agustan 2025.

Ana saura 'yan makonni wa'adin ya cika, a farkon Agustan 2025, Google ta sassauta. Ta ce ta ji koken jama'a, ta fahimci cewa adiresoshin nan suna cikin takardu da bidiyoyi da rubuce-rubuce marasa adadi. Don haka waɗanda ake latsawa za su ci gaba da aiki, haka ma waɗanda manhajojinta irin su taswira suke ƙirƙira. Waɗanda za a kashe su ne waɗanda ba a ga motsinsu ba a ƙarshen 2024. Jaridu da dama suka ba da labarin kamar an yi nasara. Ni dai ban ga nasarar ba, kuma dalilina yana cikin wani adadi da Google da kanta ta bayar a sanarwar 2024: ta ce fiye da kashi 99 cikin 100 na adiresoshin ba wanda ya latsa su a watan da ya gabaci sanarwar. Da wannan adadin aka kafa hujjar rufewa, kuma da irin wannan ma'aunin aka zaɓi waɗanda za a bari.

A nan nake so in daɗe, domin a ganina wannan ma'auni shi ne kuskuren da ya fi rufewar kanta girma. Yawan latsawa ma'auni ne na talla. Idan ka buga tallan takalmi wata guda ba wanda ya duba, to tallan ya mutu, a cire shi. Madogara kuwa ba haka take ba. Adireshin da ɗalibi ya sa a ƙasan shafi na 140 na kundin digirinsa ba don a riƙa latsa shi kullum aka sa shi ba. An sa shi ne domin ranar da wani zai yi shakka, ya ce ina ka samo wannan magana, a ce masa ga shi je ka duba. Wannan rana tana iya zuwa bayan shekara goma, tana iya zuwa bayan talatin, tana iya ƙin zuwa sam, kuma duk da haka adireshin yana aikinsa, domin sanin cewa ana iya dubawa shi ke sa marubuci ya yi hattara, shi ke sa mai karatu ya natsu. Takardar gona takan shekara arba'in a ƙasan adaka ba wanda ya buɗe ta, sai ranar da rikicin iyaka ya tashi tsakanin jikoki. Ba mai hankalin da zai ce a ƙone ta don ba a karanta ta a watan jiya ba. Abin da tsarin Google ya yi shi ne ya tsirar da adiresoshin da suka fi farin jini, waɗanda dama idan sun mutu akwai dubban mutane da suka san inda suke kaiwa, ya bar waɗanda su kaɗai ne shaidar abin da suke nunawa.

Adalci ya sa a faɗi ta ɓangaren kamfanin. Riƙe irin wannan rajista ba wurin ajiya ne tsadarsa ba. Tsadar tana wajen tsaro. Gajeren adireshi yana ɓoye inda zai kai ka, don haka tun farko ya zama abin so ga 'yan damfara da masu yaɗa manhajojin ɓarna. Tsohon adireshi ma da aka yi da kyakkyawar niyya yana iya lalacewa: shafin da yake kaiwa ya mutu, wani ɗan damfara ya sayi sunan, sai ga adireshi mai ɗauke da sunan Google yana kai mutane gidan ɓarayi. Dole a sa ma'aikata su riƙa sa ido, a kan abin da ba ya kawo ko kwabo. Duk wannan gaskiya ne. Amma wannan nauyi ne da kamfanin ya ɗauka da kansa ranar da ya ce wa duniya ku kawo, nawa ya fi ɗorewa. Mutane ba su zaɓi goo.gl don ya fi kyan gani ba, alkawarin suka saya.

Wani zai ce ai shafukan intanet dama mutuwa suke yi, da gajeren adireshi da babu. Haka ne, kuma alƙaluman suna da tayar da hankali. Wani bincike da Jonathan Zittrain da Kendra Albert da Lawrence Lessig suka yi a Jami'ar Harvard, wanda ya fito a 2014, ya gano cewa kusan rabin adiresoshin da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mutum ga abin da alƙalan suka yi nuni da shi, a mujallun shari'a da suka duba kuwa abin ya haura kashi 70. Cibiyar bincike ta Pew ta ba da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin 100 na shafukan da ke nan a 2013 sun ɓace bayan shekara goma. Tun 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet, yake roƙon masu shafuka da su daina sauya adiresoshinsu. Ba a saurare shi ba.

Sai dai mutuwar dogon adireshi da ta gajere ba iri ɗaya ba ce, kuma wannan bambanci ne da ban ga ana ba shi muhimmancin da ya kamata ba. Dogon adireshi ko ya mutu yana magana. Ka dube shi za ka ga sunan jaridar, sau da yawa ka ga shekara da wata da rana, har da kalmomin kanun labarin a jere. Da wannan kaɗai mai bincike zai iya zuwa ɗakin karatu ya nemi bugun takarda na ranar, ko ya rubuta wa jaridar, ko ya nemi kanun a wani wuri. Abin da ya fi wannan, zai iya ɗaukar mataccen adireshin ya kai Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafuka ta Internet Archive da aka buɗe wa jama'a a 2001, ya liƙa shi, a nuna masa hoton shafin kamar yadda yake shekarun baya. Da adireshi ake nema a can. Gajeren da ya mutu kuwa bebe ne. Haruffa shida ne da ba su gaya maka ko jarida ce, ko bidiyo, ko takardar gwamnati. Idan ba a yi sa'a wani ya adana inda yake kaiwa tun yana da rai ba, ba ka da abin da za ka nema da shi. Abin baƙin cikin ma shi ne sau da yawa shafin yana nan da ransa, lafiya lau, a inda yake tun farko. Hanyar zuwa ce kawai aka share. A da shafi ne kaɗai zai mutu a yi asara. Da muka gajarta, sai muka mayar da abubuwan da za su iya mutuwa biyu, kuma na biyun idan ya tafi yana tafiya da sunan na farkon.

Wikipedia ta nuna amfanin wannan bambanci a aikace. Tun da daɗewa ta haramta sa gajeren adireshi a maƙalunta, a kowane harshe, har da ta Hausa. Tsoron 'yan talla da masu zagaye takunkumi ne babban dalilin, amma ribar ta fito ta wata fuskar. Da aka ƙera wata manhaja mai bin maƙalu tana neman matattun adiresoshi tana musanya su da kwafin da ke Wayback Machine, ta sami abin kamawa, domin adiresoshin na asali ne. A 2018 Internet Archive ta sanar da cewa an ceto adiresoshi fiye da miliyan 9 ta hanyar musanya su da kwafin Wayback Machine.

Su kuwa gajerun, waɗanda suka tsaya musu 'yan sa-kai ne. Akwai wata ƙungiya mai suna Archive Team da Jason Scott ya kafa a 2009, aikinta shi ne idan ta ji wani shafi zai rufe, ta ruga ta kwashe abin da za ta iya kafin a kashe wuta. Tana da reshe na musamman a kan gajerun adiresoshi. Tunda ba su da rajistar, sai su yi ta canka: su gwada haruffa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya amsa su rubuta inda ya kai. A lissafa girman aikin. Ƙananan haruffan Turanci 26, manya 26, lambobi 10, sun zama 62. Idan gurbi shida ne, yawan haɗin da zai yiwu ya haura biliyan 56. Mutane a ƙasashe daban-daban suka ba da aron kwamfutocinsu da intanet ɗinsu, dare da rana, domin sake gina wani abu da yake zaune cikakke a kwamfutar wani kamfani. Da wa'adin goo.gl ya matso sun yi wannan tseren. Ina girmama su ƙwarai, kuma ina ganin abin kunya ne ga zamaninmu a ce tarihinsa ya dogara ga irin wannan wahala.

Wannan cankar tana da wata fuska da ya kamata a ambata. A 2016 wasu masu bincike biyu, Martin Georgiev da Vitaly Shmatikov, sun nuna cewa ta hanyar gwada gajerun adiresoshi barkatai ana iya faɗawa kan takardun sirri na mutane da ke ajiye a intanet, da taswirorin da ke nuna hanya daga ƙofar gidan wani zuwa asibitin da ya je. Ke nan ba a iya cewa kawai a watsa rajistar kowa ya gani, akwai sirrin bayin Allah a ciki. Shi ya sa tsarin ajiya a kulle irin na 301Works, a hannun wata cibiya da aikinta ke nan, ya fi kama da hankali.

Idan na waiwaya, abin da ya fi damuna shi ne ƙuncin da ya haifar da wannan duka ya daɗe da gushewa. Tun 2011 Twitter ta fara naɗe kowane adireshi da nata tsarin na t.co, ta riƙa ƙirga shi da tsawo ɗaya komai tsawonsa na asali. A 2017 ta ninka haruffan zuwa 280. Manhajojin imel sun daina karya layi. WhatsApp da Facebook ba su taɓa hana kowa sa dogon adireshi ba. Matsalar 'yan shekaru ce, amma maganin da aka sha dominta ya zauna a jiki, aka ci gaba da gajartawa don sabo, don kyan gani, don son ƙirga masu latsawa. Kuma ba a ce duk wani mai shiga tsakani sharri ne ba. Lambar DOI da ake bai wa maƙalun ilimi ita ma tura mutum take yi daga wani adireshi zuwa wani, haka Perma.cc da ɗakin karatun shari'a na Harvard ya kafa a 2013. Bambancin shi ne waɗannan an kafa su ne domin ɗorewa, ɗakunan karatu da mawallafa da yawa suka haɗu suka ɗauki nauyinsu, ba wani manaja ɗaya da zai duba alƙaluman wata ya ce a rufe. Zanen aro dai ba ya rufe katara, kuma abin da kamfanin talla ya ba ka kyauta aro ne.

Shekarun da goo.gl ya yi tashe, daga 2010 zuwa 2018, su ne kuma shekarun da rubutun Hausa ya bazu a intanet, lokacin da waya mai araha ta shiga hannun mutane. A lokacin ne marubuta suka riƙa raba adireshin sauke littattafansu, ɗalibai suka riƙa raba karatuttukan malamai, ƙananan jaridu suka riƙa tura labaransu, kuma da yawa da gajeren adireshi aka yi, domin shi ne mai sauƙin kwafa a ƙaramar waya. Harshen da rubutunsa a intanet bai kai na manyan harsuna yawa ba, adiresoshinsa ma masu latsa su kaɗan ne, kuma da wuya a sami kwafi na biyu a wani wuri. Duk ranar da aka ce yawan masu latsawa ne zai raba mai rai da matacce, irin namu ne a sahun gaba wajen tafiya.

Rajistar da ta fi goo.gl nauyi kuwa tana nan ba a taɓa ta ba tukuna. Duk adireshin da aka saka a Twitter tun ƙarshen 2011 ta t.co yake bi: na gangamin neman a dawo da 'yan matan Chibok a 2014, na zanga-zangar EndSARS a 2020. A cikin manhajar ana nuna wa mai karatu guntun adireshin asali, amma wanda ya kwafi saƙon zuwa littafi ko rahoto sau da yawa t.co ɗin kaɗai yake tafiya da shi. Kamfanin ya sauya hannu a Oktoban 2022 lokacin da Elon Musk ya saye shi a kan dala biliyan 44, ya sauya suna zuwa X a 2023. A watan Agustan 2023 jaridar Washington Post ta ba da rahoton cewa masu latsa adireshin wasu shafuka, ciki har da New York Times da Reuters da Facebook, sai t.co ya riƙe su kusan daƙiƙa biyar kafin ya sake su. Bayan labarin ya fito aka cire jinkirin a kan wasunsu. Shi kuma bit.ly, a 2025 ya fara tsayar da masu latsa adiresoshin da aka yi kyauta a wani shafi mai talla kafin su wuce, har da waɗanda aka ƙirƙira shekaru kafin a zo da wannan tsari.